Ɗakunan Karatu na Timbuktu

Ɗakunan karatu na Timbuktu taskokin littattafai ne na rubutun hannu da ke birnin Timbuktu, a arewacin ƙasar Mali. Mafi yawansu mallakin gidajen malamai ne, ana gadonsu iyaye da kakanni.

Tarihi

Ilimi ya bunƙasa a garin a ƙarni na 15 da na 16, zamanin daular Songhai. Fatake kan ƙetaro Sahara da takarda da littattafai, magatakarda kuma su kwafa da hannu a biya su. Matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda ya zo garin a farkon ƙarni na 16, ya ce ribar littafi a can ta fi ta sauran haja.

Babu malamin da sunansa ya kai na Ahmad Baba (1556–1627). Bayan sojojin Maroko sun ci garin a 1591, an tafi da shi Marrakesh a 1594, aka wawashe littattafansa da aka ce sun kai 1,600. Ya komo gida wajajen 1608. A wata fatawarsa kan bauta ya lissafa mutanen Kano da Katsina cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba.

Abin da ke ciki

Akwai fiƙihu da nahawu da ilimin taurari da magani, ga kuma wasiƙu da takardun ciniki. Galibi da Larabci aka rubuta, wasu da ajami. Ba a ɗinke warƙoƙin, sai a haɗa su cikin tadarishi na fata. A gefen shafi ake samun abin da ya fi taɓa zuciya: sharhin ɗalibi, ko ranar da aka yi haihuwa ko rasuwa a gidan. Da wannan ne littafin ya zama ma'ajiyar tarihin zuri'a, shi ya sa gidaje da dama ba sa yarda su sayar.

Cibiyoyi

Gwamnati ta buɗe Cibiyar Ahmad Baba a 1973, Afirka ta Kudu kuma ta gina mata sabon mazauni kusa da masallacin Sankore a 2009. Cikin na iyalai akwai Mamma Haidara da Fondo Kati.

Rikicin 2012

Da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin, Abdel Kader Haidara, mai kula da ɗakin karatu na Mamma Haidara, da iyalan gari suka riƙa zuba littattafan cikin akwatunan ƙarfe, suna fitar da su a ɓoye zuwa Bamako ta mota da kwalekwale. A watan Janairun 2013 an ƙone ko an sace kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba. An sha bamban kan adadin da aka tsirar. An fara mayar da wasu Timbuktu a 2025.