Cajin obadiraf a Birtaniya: yadda mai ƙuncin kuɗi zai nemi banki ya mayar masa

Duk wanda ya zauna a Birtaniya, ko ɗalibi ne ko mai aikin kula da tsofaffi, ya san cewa asusun banki a can yana iya nutsewa ƙasa da sifili. Albashi ya ƙare, kuɗin haya da na wuta sun fita da kansu, sai banki ya cike giɓin ya rubuta maka bashi. Wannan shi ne obadiraf. Iri biyu ne: wanda kuka yi yarjejeniya da banki tun farko aka yanka maka iyaka, da wanda ka faɗa ciki ba shiri, ko don ka tsallake iyakar ko don ba ku taɓa yin maganarsa ba. Kafin 2020, na biyun nan shi ya fi cin mutane. A shekarun baya, biya ɗaya da banki ya ƙi fitarwa saboda babu kuɗi a asusu yakan jawo cajin da ya kai fam 35, wani bankin ma ya ɗara haka.

Ana iya karɓo waɗannan kuɗaɗe? Ana iya, amma hanyar ta ƙuntata, kuma da yawa suna faɗuwa ne saboda sun tafi da hujjar da kotu ta binne tun 2009.

Ga yadda aka yi. Daga wajajen 2006, jama'a suka yi ta rubuta wa bankuna cewa cajin nan zalunci ne, don bai yi daidai da ainihin abin da banki ya kashe ba. Ɗan jarida Martin Lewis na cikin waɗanda suka hura wutar, ya yaɗa samfurin wasiƙar da miliyoyin mutane suka sauke daga intanet. Bankuna suka riƙa biya ba tare da sun amsa laifi ba, gudun kada magana ta kai gaban alƙali. A watan Yulin 2007, hukumar kula da adalci a kasuwanci ta lokacin, wato OFT, ta shiga kotu da bankuna bakwai da kuma Nationwide, wata ƙungiyar ajiya da ba da bashin gida, domin a raba gardama gaba ɗaya. Cikinsu akwai Abbey National, Barclays, HSBC da Lloyds TSB. Kuɗin da ake taƙaddama a kai ba na wasa ba ne: OFT ta ƙiyasta cewa a 2006 kaɗai irin wannan caji ya kawo wa bankuna fam biliyan 2.6. Hukumar ta yi nasara a Babbar Kotu a Afrilun 2008, ta sake yi a Kotun Ɗaukaka Ƙara a Fabrairun 2009. Sai ranar 25 ga Nuwamban 2009 Kotun Ƙoli, wadda ba ta cika wata biyu da fara zama ba, ta juya hukuncin.

Mutane kan ce kotun ta wanke cajin. Ba ta ce yana da adalci ba, ba ta kuma ce ba shi da shi ba. Abin da ta ce shi ne, cajin wani ɓangare ne na farashin da mai asusu ke biya don hidimomin banki gaba ɗaya, kuma dokar 1999 kan sharuɗɗan zalunci a yarjejeniyar ciniki ba ta ba OFT ikon auna ko farashi ya yi tsada ba. Da wannan aka sallami koke-koke sama da miliyan ɗaya da aka jingine ana jiran hukunci. Saboda haka idan ka rubuta wa banki yau cewa "cajinku ya yi yawa, ku mayar mini", amsar da za ka samu an riga an buga ta tun shekaru, sunanka kawai za a sa a kai.

Amma ko a shekaru biyun da aka dakatar da sauran koke-koke, ba a dakatar da na masu ƙuncin kuɗi ba. Wannan ƙofa tana nan har yau, kuma ba ta dogara da hukuncin 2009 ba. Ƙa'idojin hukumar sa ido kan harkokin kuɗi, FCA, sun wajabta wa mai ba da bashi ya yi sassauci da lura ga wanda ya kasa biya ko yake dab da kasawa. Cikin misalan sassaucin da hukumar ta bayar har da dakatar da kuɗin ruwa da caji, ko rage su, ko yafe su. Don haka kokenka ya zama haka: kun ga ina nutsewa, shaidar tana cikin takardun asusun da ke hannunku, amma kuka ci gaba da ɗora mini kaya. A nan halayyar bankin ake tuhuma, girman cajin ya koma gefe.

To wane ne mai ƙunci a idon waɗannan ƙa'idoji? Wata ɗaya da aljihu ya yi sanyi bai isa ba. Ana duba ko abin da ke shigo maka yana ɗaukar larurorin yau da kullum: haya ko biyan bashin gida, harajin ƙaramar hukuma, wuta da gas, abinci. Ana duba ko wani abu ya same ka da ya karya kuɗin shigarka, kamar rasa aiki, rage maka awannin aiki, doguwar jinya, rabuwar aure ko rasuwar wanda kuke ɗaukar nauyin gida tare. Ana duba ko biyan kuɗaɗenka na wata-wata suna yawan dawowa, ko kana cin sabon bashi don biyan tsoho, ko kana cirar tsabar kuɗi da katin bashi don cefane. Alamar da ta fi kowacce ƙarfi ita ce caji ya riƙa haifar da caji.

A ɗauki misali da mai aikin kula da tsofaffi da aka rage wa awanni. Albashinta fam 1,400 ne, obadiraf ɗinta ya kai fam 1,500. Ranar da albashi ya shigo, asusun bai ko leƙo saman sifili ba. Ruwan obadiraf na watan jiya ya fita, shi ya sa kuɗin wuta ya dawo, ta ranci wani wuri ta biya, wata mai zuwa abin ya maimaitu da ƙari. An gina ramin da za a cike wani ramin ke nan. Obadiraf an yi shi ne don tsallake 'yan kwanaki kafin albashi. Idan mutum ya shekara bai fita daga cikinsa ba, ya zama bashin dindindin a kan farashin bashin gaggawa, kuma bankin da ke ganin kowane kwabo da ke shiga da fita ba zai ce bai sani ba.

Wannan batu ya ƙara ƙarfi bayan garambawul ɗin FCA na 2019. Binciken hukumar ya gano cewa a 2017 bankuna sun samu sama da fam biliyan 2.4 daga obadiraf, kuma a 2016 fiye da rabin cajin obadiraf marar yarjejeniya ya fito ne daga kashi 1.5 cikin ɗari kacal na masu asusu. Mazauna unguwannin talakawa su suka fi biya, kuma a lokacin cajin kan ninka na bashin "biya ƙarshen wata" sau goma ko fiye. Daga Disambar 2019 aka wajabta wa bankuna su riƙa gano masu yawan zama cikin obadiraf, su tuntuɓe su, su ɗauki mataki idan akwai alamar ƙunci. Daga Afrilun 2020 aka hana cajin kullum-kullum ko na wata-wata, aka hana tsawwala wa marar yarjejeniya fiye da mai yarjejeniya, aka ce a koma kuɗin ruwa guda ɗaya da ake faɗa a shekara. Sai manyan bankuna kusan duka suka tsaya a wajajen kashi 40 cikin ɗari, kamar sun haɗa baki, har hukumar ta rubuta musu tana neman bayani. A ganina gyaran ya ceci wanda aka fi zalunta, amma ya ƙara wa mai obadiraf na yarjejeniya nauyi. Ko ba komai dai ya ba mai koke sabuwar hujja: idan ka daɗe a ciki bayan 2019, me bankin ya yi ban da aiko maka saƙon da ake aika wa kowa?

Kafin ka rubuta komai, buɗe asusu a wani bankin ka mayar da albashinka can. Dalili biyu ne. Obadiraf bashi ne da banki ke da ikon cewa a biya shi a kowane lokaci, kuma da zarar ka ce kana cikin ƙunci yana iya rage iyakar ko ya janye ta. Sannan banki na iya ɗibar kuɗi daga wani asusunka da ke wurinsa ya biya kansa. Ka lura da bankunan da uwarsu ɗaya: Lloyds da Halifax da Bank of Scotland gida ɗaya ne, haka NatWest da Royal Bank of Scotland, haka HSBC da First Direct. Idan tarihin bashinka, wato bayanan da masu ba da bashi ke dubawa kan yadda ka saba biya, ya lalace, manyan bankuna tara wajibi ne su samar da asusu na asali marar caji kuma marar obadiraf ga wanda ya cancanta.

Daga nan sai tattara takardun asusu na shekara shida. Yawanci suna cikin manhajar banki. Idan babu, dokar kare bayanai ta ba ka ikon neman bayananka kyauta, kuma a ƙa'ida banki ya amsa cikin wata ɗaya. Ka bi su layi-layi ka fitar da kowane caji da kuɗin ruwa da ranarsa. Aiki ne mai gundura, kuma akwai ɗaci a ganin jimillar, amma shi ne ƙashin bayan koken.

Wasiƙar kanta ba ta buƙatar lauya ko manyan kalmomi. Ka rubuta a sarari cewa koke ne a hukumance, don daga ranar ake fara ƙirga wa banki lokaci. Ka faɗi lokacin da ƙuncin ya fara da abin da ya jawo shi, ka haɗa shaida: takardar sallama daga aiki, takardar likita, wasiƙar bashin haya. Idan ka taɓa kiran bankin ka gaya musu halin da kake ciki, ka ambaci lokacin. Ka nuna watannin da asusun bai fita daga bashi ba. Sannan ka faɗi abin da kake so: a mayar da caji da kuɗin ruwa daga lokacin da ya kamata su farga, a dakatar da sababbi, a yi maka tsarin biya daidai ƙarfinka, a gyara abin da aka rubuta a tarihin bashinka. Za su aiko maka takardar lissafin kuɗin shiga da na fita, ka cike ta da gaskiya. 'Yan uwanmu kan ji nauyin rubuta kuɗin da suke aikawa gida Kano ko Zariya. Banki yana ganinsu a asusu ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba, gara ka yi bayanin cewa na ciyar da iyaye ne ko na makarantar yara. Haka idan akwai caca a takardun: ɓoyewa ba ta da amfani, kuma yawan caca da kuɗin bashi shi ma alama ce da ya kamata banki ya lura da ita.

Banki na da mako takwas ya ba ka amsar ƙarshe. Sau da yawa tayin farko ɗan kaɗan ne, cajin wata uku ko shida, da sunan kyautatawa. Ba dole ka karɓa ba. Idan amsar ba ta gamsar da kai ba, ko mako takwas ya wuce shiru, sai ka kai maganar ofishin sasanta koke-koken kuɗi, Financial Ombudsman Service. Kyauta ne. Amma wata shida kawai gare ka daga ranar amsar ƙarshe, kuma a nan mutane da dama ke yin asara, wasiƙa na ajiye a aljihun tebur har lokaci ya shige. Akwai kuma iyakar shekara shida daga faruwar abin, ko shekara uku daga lokacin da ka sani ko ya kamata ka san kana da abin kuka, duk wanda ya fi tsawo. Ofishin yana yanke hukunci ne bisa abin da ya ga ya dace da adalci a shari'arka kai kaɗai. Idan ka amince da hukuncinsa na ƙarshe, ya hau kan banki dole. Idan ka ƙi, hanyar kotu na nan, sai dai tana da tsada kuma hukuncin 2009 na jiran ka a can.

Kada a sa rai da yawa. Ƙa'idar ta wajabta sassauci, ba ta ce lallai a mayar da kowane kwabo ba, kuma sassauci na iya tsayawa a dakatar da kuɗin ruwa kawai. Idan an mayar, galibi ana fara rage bashin da ake bin ka ne, sai abin da ya yi saura ya zo hannunka. Tsarin biya na musamman kuma yana iya bayyana a tarihin bashinka na wasu shekaru. Wanda ƙuncinsa ya wuce, ya farfaɗo, yana iya kokawa kan abin da ya faru a baya, amma sai ya fi jan aiki wajen kawo shaida.

Kamfanonin da ke tallar za su karɓo maka kuɗinka suna yankar kaso mai tsoka a kan wasiƙar da za ka iya rubutawa da kanka. StepChange, Citizens Advice da National Debtline suna ba da shawara kan bashi ba tare da karɓar ko sisi ba. Ta hannun irin waɗannan masu ba da shawara ne ake shiga shirin hutun bashi da aka fara a Ingila da Wales a Mayun 2021, wanda ke tsayar da yawancin kuɗin ruwa da caji da matsin masu bin bashi na kwana 60. Obadiraf na cikin bashin da shirin ke ɗauka, kuma kwana 60 ɗin sun ɗan ɗara mako takwas ɗin da banki ke da shi na amsa kokenka.