Kafin ka ɗaura dala a ƙugu ka nufi filin jirgi

Shekaranjiya bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida nan Tudun Wada, sai kawuna da zai tashi Umara ta Kano ya fito da 'yar jakar nan ta ɗaurawa a ƙugu yana nuna mana yadda zai cusa dalolinsa ƙarƙashin riga, wai kada kwastam su gani su ƙwace. Na ce Kawu, ai ɓoyewar ce ke jawo ƙwacen.

Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ba ta hana kowa fita da kuɗinsa ba. Abin da ta ce shi ne, in abin da ke jikinka ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu, sai ka bayyana wa kwastam, ko fita za ka yi ko shigowa. Kuma ba dala kaɗai ake ƙirgawa ba, riyal ne, yuro ne, cek ne, duk haɗa su za a yi a ga nawa suka tashi. Fom ne kawai za ka cike a filin jirgi, ka faɗi nawa ne kuma daga ina, in 'yan canji suka ba ka rasit ka adana shi don ranar irin wannan. Amma in ka yi gum aka bincika aka gano, kotu na iya ƙwace kuɗin da ba ka bayyana ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 2 ba, ko duka biyun. Mutum ya sayar da gonarsa ta halak, tsoron takarda ɗaya ya sa ya tashi a tutar babu.

Can Saudiyya ma suna da tasu. Iyakar da aka saba da ita riyal 60,000 ce, wato dala 16,000 tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce, kuma a nan ne hajiyoyinmu ke shiga matsala don su har zinare suna sa shi cikin lissafi. Hajiya ki sayi sarƙa da awarwaro na biki ki zuba a jakar hannu kina ganin ai ba kuɗi ba ne, to a wajensu kuɗi ne. Dubai dirhami 60,000, Tarayyar Turai yuro 10,000, Amurka dala 10,000.

Maganar kati kuwa, kada ka dogara da katin naira shi kaɗai, bankuna kan sa iyaka kan abin da za ka kashe a waje, ka je bankinka ka ji taka kafin ranar tafiya. Riƙe ɗan tsaba. In za ka yi canji ka nemi sababbin ɗari-ɗari, tsofaffin nan masu ƙaramin kai sai a yi ta yi maka yanga da su ko a rage farashi.

Sai saƙo, wanda shi ya fi ba ni tsoro. "Don Allah Alhaji ga ɗan ƙulli ka kai wa ɗana a Makka." Duk abin da aka samu a jakarka naka ne, ba ruwan jami'i da wanda ya ba ka, kuma Saudiyya hukuncin kisa take yankewa kan safarar ƙwaya. Tramadol da makamantansa ba a shiga da su haka nan ba takardar likita. Goro ma da muke ganin ba komai ba ne sun hana, hukumar alhazai ta sha faɗa.

Da Kawu ya zazzage jakar muka ƙirga, ko dala 2,000 ba su cika ba, ashe ma ba fom ɗin da zai cike. Goron da ya naɗe a algarara ya tura ƙasan akwati ne muka yi ta fama da shi har wajen sha ɗaya kafin ya yarda a fitar.