Nisan tafiyar jirgin sama daga Kano zuwa Jidda

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kusan kilomita 3,400 idan aka bi miƙaƙƙiyar hanya. Daga filin jirgi na Kaduna kuwa nisan ya kai wajen kilomita 3,600. Mazauna Zariya suna tsakanin biyun. Maniyyatan jihar Kaduna yawanci ta Kaduna suke tashi, masu umara da 'yan kasuwa sun fi bin Kano, domin filin jirgin Zariya na kwalejin koyon tuƙin jirgi ne, wadda aka kafa a 1964.

Babban jirgin fasinja yakan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa bayan ya gama hawa. Idan aka raba nisan da wannan gudu za a sami awa huɗu, amma jirgi ba ya kai wannan gudun lokacin hawa da sauka, kuma akwai jiran izinin tashi. Shi ya sa tafiyar takan ci awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Miƙaƙƙiyar hanyar ta ratsa Chadi da Sudan, sannan ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan wannan shekarar ta 2023 suka riƙa zagayawa, abin da ya ƙara sa'o'i da kuɗin mai. Iskar can sama ma tana da nata tasiri. Da damina takan kaɗo daga gabas, sai ta rage wa mai zuwa gudu, ta ƙara wa mai dawowa. Tsananin zafin rana kuma yana sa iska ta yi shakaf, jirgi mai nauyi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga.

Inda matafiya suka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da ake magana a kansa ne. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na dare ya yi awa huɗu da rabi zai sauka ƙarfe 4:30 na asuba agogon Jidda, alhali a Zariya 2:30 ne. A dawowa lissafin yakan juye, tafiyar ta zama kamar ta awa biyu da rabi a takarda.

Wannan lissafi ya shafi ibada kai tsaye. Wanda zai wuce Makka daga Jidda yana iske daidai miƙati yana sama, gab da sauka, don haka ya fi masa sauƙi ya yi wanka ya ɗaura harami tun a ƙasa, ya jira sanarwar matuƙi ya yi niyya. Wanda aka fara kai wa Madina ba ya cikin wannan gaggawa, sai ya iso Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, zai ɗauki harami.