Takunkumin jirage marasa matuƙa a Gidan Tarihin Intrepid

Gidan Tarihin Intrepid yana bakin Kogin Hudson ne, a matsayar jiragen ruwa mai lamba 86, yammacin Manhattan a birnin New York na Amurka. Asalinsa jirgin ruwa ne mai dakon jiragen yaƙi, wanda ya fara aiki a 1943, aka mayar da shi gidan tarihi a 1982. Jiragen yaƙin da ke jere a doronsa, da jirgin Concorde da ke gefe, suna jan hankalin masu son ɗaukar hoto daga sama. Sai dai tayar da jirgi maras matuƙi a wurin ba tare da izini ba laifi ne.

Hukuma biyu ke da ta cewa. Sararin samaniya na hannun hukumar jiragen sama ta tarayya, FAA. Ƙa'idojinta na 2016 sun ce kada jirgin ya wuce ƙafa 400, kada kuma ya ɓace wa idon mai sarrafa shi. Ƙasa kuwa ta birni ce, kuma nan gizo ke saƙar. Wata doka ta 1948, wadda aka yi tun ba a san irin waɗannan na'urori ba, ta hana kowane jirgi tashi ko sauka a birnin sai a wuraren da aka keɓe. Da ita 'yan sanda suka daɗe suna kama mutane. Sai a Yulin 2023 aka buɗe ƙofar izini: mai nema zai biya dala 150, ya nuna inshora da lasisin FAA, ya kuma miƙa takardunsa kwana 30 kafin ranar.

Tsaurin na da dalili. Saman Hudson hanya ce ta ƙananan jirage da masu saukar ungulu da ke shawagi ƙasa-ƙasa, ga tashar masu saukar ungulu a titi na 30, ga manyan jiragen ruwan fasinja na tsayawa dab da gidan tarihin. A Agustan 2009 ƙaramin jirgi ya yi karo da mai saukar ungulu a saman kogin, mutum tara suka rasu. A Satumban 2017 kuma jirgi maras matuƙi ya bugi wani mai saukar ungulu na soja kusa da tsibirin Staten Island na birnin, a makon babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya, lokacin da aka ƙara tsaurara dokar sararin birnin.

Abin dariya, a shekarar ce gidan tarihin ya shirya baje koli na musamman kan jirage marasa matuƙa.