Laudanosin a Tiyatar Ƙwaƙwalwa

Laudanosin sinadari ne da ke samuwa a jini idan magungunan sassauta tsoka irin su atrakuriyum da sisatrakuriyum suka wargaje. Likitocin sa barci kan ba da waɗannan magunguna don majinyaci ya kwanta lamo, injin numfashi ya riƙa yi masa numfashi. A tiyatar ƙwaƙwalwa wannan ya fi muhimmanci, domin tari ko ɗan motsi kaɗan na iya ɓata aikin da ake yi a cikin kai.

An ƙirƙiro atrakuriyum a Jami'ar Strathclyde da ke Sikotilan, a ƙarƙashin jagorancin masanin kimiyya John Stenlake, kuma Amurka ta amince da shi a 1983. Abin da ya sa ya karɓu shi ne yana wargajewa da kansa saboda ɗumin jiki da yanayin jini, ba sai ya jira hanta ko ƙoda ba. Matsalar tana cikin abin da ya bari. Rabin atrakuriyum kan ƙare cikin kamar minti 20, amma laudanosin yana ɗaukar fiye da awa uku kafin ya ragu da rabi, kuma shi hanta da ƙoda ne ke fitar da shi. Idan tiyata ta yi tsawo ana ta ƙara maganin ta jijiya, sai laudanosin ya taru.

Laudanosin ba ya sassauta tsoka, amma yana ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. A gwaje-gwajen da aka yi da karnuka, yawansa ya tayar da siginar ƙwaƙwalwa har ya kai ga farfaɗiya. Majinyacin da ke da ƙari a kai ko zubar jini a ƙwaƙwalwa sau da yawa shingen nasa ya riga ya yi rauni, kuma dama yana cikin haɗarin farfaɗiya. An kuma gano sinadarin a ruwan ƙwaƙwalwar marasa lafiya da aka yi wa aiki.

Duk da haka, adadin da ake samu a jikin mutane ya yi ƙasa sosai da wanda ya jawo farfaɗiya a dabbobi. Damuwar ta fi dacewa ga mai ciwon hanta ko ƙoda, da wanda za a ci gaba da ba shi maganin na tsawon kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman. Sisatrakuriyum, wanda ya fito a 1995, ya fi atrakuriyum ƙarfi kusan sau uku zuwa huɗu, don haka kaɗan ake bayarwa, laudanosin ɗin da yake bari ma kaɗan ne.