Akwatin zaɓi daga sabar: amsar tambayoyin da ɗalibai ke ta maimaita min

Da zarar lokacin furojet ya kama, ɗalibai a nan Birnin Kebbi sukan zo min da fom ɗin rajista iri guda: jiha, ƙaramar hukuma, gunduma. Tambayoyinsu ma ba sa canzawa. Don Allah a karanta wannan kafin a kira ni.

Malam, wanne ne akwatin zaɓin?

Wanda kake latsawa jerin sunaye ya sauko, ka ɗauki ɗaya. A HTML sunansa select, kowane layi a cikinsa option. A ASP.NET Web Forms, tsarin gina shafukan yanar gizo na Microsoft, ana ce masa DropDownList, amma select ne dai ke isa burauza.

Me zai hana in rubuta sunayen da hannu?

In namiji da mace ne kawai, rubuta. Amma Kebbi na da ƙananan hukumomi 21, Zamfara 14, Najeriya baki ɗaya 774. Ranar da ka gano ka ɓata rubutun Kaura Namoda, shafi nawa za ka bi kana gyara? Zuba su a tebur cikin rumbun bayanai, kod ya ɗebo.

To yaya ake gina shi da kod?

Ka ƙirƙiri DropDownList, ka ba shi ID, ka zuba ListItem ga kowane suna, sannan ka saka shi cikin PlaceHolder, wato gurbin da ka tanadar masa a shafi, da Controls.Add. Wannan na ƙarshen kuke mantawa, sai ku ce min "bai fito ba". A PHP kuwa foreach ne a kan sakamakon tebur, kana fitar da option ɗaya bayan ɗaya.

Sunan zan adana ko lamba?

Lamba. Mutum ya ga suna, rumbu ya karɓi lamba. Akwai Bassa a Kogi, akwai Bassa a Filato. Akwai Obi a Binuwai da Nasarawa. Sannan ka gwada fom ɗinka da Jama'are ta Bauchi, ka ga ko waƙafin saman nan zai karya maka umarnin SQL. In ya karya, haɗa umarni kake da rubutun mutane kai tsaye, kuma wannan ganganci ne. Ka sa shafi da rumbu duka a UTF-8 don ƙ, ɗ da ɓ su fito daidai.

Na zaɓi Argungu, na aika, sai ya koma Aliero na farkon jeri, wani lokacin ma akwatin ya ɓace. Me ya faru?

Kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiya lau take, kowa ya bi ta nan. Sabar, wato kwamfutar da ke aiko wa burauza shafi, ba ta riƙe shafinka. Tana gina shi, ta aika, ta watsar. Da ka latsa aikawa, daga tushe take sake ginawa, kuma duk abin da ka ƙirƙira da kod ba ya dawowa da kansa.

Ba zan iya yanke maka hukunci ba sai na ga kod ɗin, don dalilan suna kama da juna. In akwatin ya ɓace ɗungurungum, galibi ka ƙirƙire shi ne cikin latsa maɓalli ko cikin sharaɗin !IsPostBack, wanda ke aiki a buɗewar shafi ta farko kaɗai. Mayar da ƙirƙirarsa Page_Init, matakin farko-farkon gina shafi, a kowane zuwa, da ID ɗin nan dai, domin ya kasance a wurin lokacin da sabar ke mayar da abin da mutum ya zaɓa. In kuwa akwatin yana nan amma zaɓi ya koma na farko, mai yiwuwa a shafi ka ajiye shi, kana kuma kiran DataBind mai cika jerin a Page_Load, matakin loda shafi, kowane lokaci, kana share zaɓin da hannunka kafin SelectedIndexChanged, kod ɗin da ke aiki idan zaɓi ya sauya, ya same shi. A nan ne !IsPostBack ke da amfani. Ka ga maganin wancan shi ne cutar wannan, shi ya sa kwafar kod ba tare da fahimta ba take jefa ku cikin wahala.

Akwai sauran rina a kaba idan jerin ƙananan hukumomi ya dogara da jihar da aka zaɓa. A Page_Init zaɓin jihar bai riga ya shiga akwatinsa ba. Ko dai ka karanta shi daga Request.Form, inda abin da burauza ta aiko yake, ko ka ƙirƙiri akwatin wayam ka cika shi a SelectedIndexChanged na jiha, da AutoPostBack a kunne don shafi ya aika kansa da zarar an zaɓa, ViewState mai adana abin da ke cikin akwatuna ya riƙe sauran. Na fi son ta biyun, sai dai kowane zaɓi yana sake loda shafi, kuma mai cike fom da waya a Sakaba ko Zurmi, inda sabis ke ɗaukewa, zai ji a jikinsa. Cika shi da JavaScript ya fi sauƙi ga mai waya, amma Web Forms na iya ƙin karɓa da saƙon Invalid postback or callback argument, tunda tana bincikar abin da ya dawo mata, kuma ba ita ta aika waɗannan zaɓuɓɓukan ba.

Sai in kashe wannan binciken kawai?

Kul. Kowa na iya buɗe burauza ya sauya abin da ke cikin option. Ko ka kashe ko ka bari, sabar ta tabbatar lambar tana cikin tebur, kuma Gummi ta Zamfara ba ta shigo ƙarƙashin Kebbi ba. Bayanan mutane kuke riƙewa, amana ce.

An ce Web Forms ya tsufa?

Tun 2002 yake, kuma ba a ɗauke shi zuwa ASP.NET Core ba. In malaminka ya ce shi, yi shi. Sabon aiki na kanka, ɗauki Razor Pages ko PHP.