Tallafin Kafa Sola a Gidajen Jamus

Tallafin kafa sola a gidaje shi ne rangwame ko kuɗin da gwamnati ke tanada domin magidanci ya iya ɗora farantan hasken rana a kan rufinsa. Jamus na cikin ƙasashen da suka fara wannan aiki tun da wuri. A shekarar 1990 ta ƙaddamar da shirin rufi 1,000, sannan a 1999 ta biyo da shirin rufi 100,000, wanda ya bayar da rance mai sauƙin ruwa.

Abin da ya sauya lamarin shi ne dokar makamashi mai sabuntawa ta shekarar 2000, wadda 'yan majalisa Hermann Scheer da Hans-Josef Fell suka tsaya mata tsayin daka. Dokar ta wajabta wa kamfanonin rarraba wuta sayen lantarkin da rufin gida ya samar a kan farashi tsayayye na tsawon shekara 20, kuma a farko farashin ya kai kusan santi 50 na Yuro a kan kowane kilowat na awa ɗaya. Hikimar tana cikin tabbacin: magidanci ya san abin da zai shigo masa tun kafin ya sayi faranti ko ɗaya, banki kuma ya san bashinsa zai dawo. An kuma tsara farashin ya riƙa sauka kowace shekara ga sababbin masu kafawa, domin masu ƙera kayan su rage tsada.

Sai dai kuɗin ba daga baitulmali ya fito ba. An ɗora shi ne a kan takardar wutar masu amfani da lantarki, har ƙarin ya kai santi 6.88 a kan kowane kilowat na awa ɗaya a 2017, wato ɗan haya wanda ba shi da rufin kansa yana biya wa mai gidan da ya kafa sola, alhali manyan masana'antu sun samu sassauci. Wannan ƙorafi ne mai tushe, kuma sai a Yulin 2022 aka daina karɓar ƙarin.

Yanzu farashin sayen wutar ƙananan rufi ya sauko zuwa wajen santi 8, don haka riba ta koma ga wutar da gida ya sha da kansa. Tun Janairun 2023 an cire harajin kayan masarufi daga farantai da baturan gida.

Yawan buƙatar da Jamus ta haifar ya taimaka wa masana'antun Sin su faɗaɗa ƙira, farashin faranti ya karye a duniya, kamfanonin Jamus irin su Q-Cells suka durƙushe a 2012, yayin da mai saye a Kano ko Yamai ya samu faranti da araha.